Raini Ciwo Ne, Zumunci Kuwa Garkuwa

Ina godiya da samun wannan fili a cikin mujallarmu domin in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani a kan wani irin ciwo wanda ba ya fid da jini, ba ya kumbura, amma yana kwantar da ƙato. Ciwon nan kuwa shi ne wanda raini da wulakanci suke sa wa mutum, musamman rainin da ake yi wa baƙar fata saboda launin jikinsa. Abin da ya sa na ɗauki wannan magana shi ne na gan ta da idona a gidanmu.

Ina da wani kawu, ƙanin mahaifiyata. Wata shekara bayan an gama girbi sai ya ce zai tafi cin rani, kamar yadda samari da yawa na ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suke yi. Waɗansu Kano suke tsayawa, waɗansu su yi Legas. Waɗansu kuwa sukan tsallaka Nijar, su bi ta Damagaram da Agadas, su keta hamada har Libiya. Kawu yana cikin waɗannan na ƙarshe. Shekara uku ya yi, sa'an nan ya komo.

Ya komo babu rauni ko ɗaya a jikinsa, har da 'yan kuɗinsa. Amma duk wanda ya san shi da can ya san ba shi ba ne. Mutumin da ya iya ba da dariya a dandali ya zama ba ya son shiga mutane. Ba ya barci sai gab da asuba. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya zabura. Ƙaramin abu yara za su yi ya hau su da faɗa. Nan fa mutane suka shiga faɗin albarkacin bakinsu. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce iska ce ya gamu da ita a hamada, wani ma ya ce ƙwaya ya koyo.

Da na je hutu sai na riƙa kai masa abinci zaure ina zama kusa da shi. Ran nan da dare na ce, "Kawu, aikin can ne ya yi maka nauyi haka?" Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wanda ya saba da garma, ɗaukar bulo ba ya ba shi tsoro. Abin da ya gajiyar da ni shi ne na shekara uku ba a kira ni da sunana ba, sai dai bawa." Ya ce yara sukan jefe su a hanya, in sun shiga mota waɗansu su toshe hanci. Wani lokaci a gama aiki a hana su lada, ba su kuwa da inda za su kai ƙara. Da takalmi a ƙafa yake kwana, don kada a zo kame cikin dare. Ya kuma ce in an faɗi mugunta a faɗi alheri, akwai wani tsoho da ya ciyar da su azumi guda bai karɓi ko kwabo ba.

Tun daga ranar nake bincike a laburare, ina kuma tambayar malamanmu. Ga abin da na samo.

Mene Ne Wariyar Launin Fata?

Wariyar launin fata ita ce a ɗauka cewa wani mutum ya fi wani daraja saboda launin fatarsa ko asalinsa, a kuma yi masa mu'amala a kan haka. Iri biyu ce. Akwai wadda hukuma take rubutawa a doka, kamar yadda aka yi a Afirka ta Kudu daga 1948 zuwa 1994, inda aka ware wa baƙaƙe unguwanninsu da makarantunsu da asibitocinsu. Haka aka yi a kudancin Amurka har zuwa 1964, sa'ad da aka kafa dokar da ta haramta wannan rarrabewa. Kakanninmu suna tune da yadda Nijeriya ta kafa asusun taimakon 'yan kudancin Afirka a 1976, ma'aikata suka ba da wani abu daga albashinsu, har 'yan makaranta ma suka sa hannu.

Iri na biyu ba ya cikin kowace takarda. Yana cikin kallo, da irin sunan da ake kiran mutum, da yadda mai kanti yake bin sa da ido kamar ɓarawo. Doka takan mutu rana ɗaya, amma wannan yakan daɗe. A watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton yadda ake cinikin baƙaƙen fata 'yan ci-rani a Libiya, ana sallama mutum a kan dala 400. Bayan haka ne aka yi ta kwaso dubban 'yan Nijeriya a jirgin sama ana maido su gida. A Tunisiya kuma, a watan Fabrairu na 2023, bayan wani jawabi da shugaban ƙasar, Kais Saied, ya yi a kan baƙin haure, aka kori baƙaƙe da yawa daga gidajen haya da wuraren aiki, har ƙasashen Gini da Mali da Kwaddibuwa suka aika da jirage suka kwashe mutanensu.

Yadda Raini Yake Shiga Jiki

Wani zai ce, to ai zagi ba ya tsiro a jiki. Ilmin likita ya nuna ba haka abin yake ba. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu. In mutum ya tsorata, ko ya ji an ci masa mutunci, sai ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙullutun nan saƙo, su zubo waɗansu sinadarai cikin jini, watau adirinalin da kotisol. Nan da nan zuciya ta ƙara bugawa, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Wannan baiwa ce daga Allah. Ita ce take sa mutum ya yi tsallen da bai san ya iya ba in ya ga kububuwa a gona. Da maciji ya wuce sai jiki ya koma daidai.

To, ina ga wanda macijinsa ba ya wucewa? Wanda kullum in zai fita sai ya yi zulumin abin da za a ce masa, in ya kwanta yana sauraron motsin ƙofa, jikinsa ba ya samun hutu. A kwana a tashi sai a sami hawan jini, da rashin barci, da saurin fushi, da mantuwa, da ciwon damuwa wanda yake sa mutum ya ji duniya ta fita daga ransa.

Wata malama ta Jami'ar Mishigan a Amurka, Arline Geronimus, ta kawo bayani a 1992 cewa wahalar da baƙaƙen Amurka suke sha yau da gobe tana zaizaye jikinsu, su tsufa da wuri. Mu da muke da katangar ƙasa mun fi kowa gane wannan. Ruwan sama ɗaya ba ya ka da katanga, amma in damina ta bi damina ba a yi yaɓe ba, wata rana sai a wayi gari ta zube.

Wani shehun malami kuma, David Williams, wanda daga baya ya koma Jami'ar Habad, ya fito da waɗansu tambayoyi a 1997 don auna rainin yau da kullum. Ana tambayar mutum sau nawa ake yi masa rashin ladabi, sau nawa ake ɗaukarsa marar wayo ko marar gaskiya, sau nawa ake zaginsa. An yi amfani da tambayoyin a ƙasashe da dama, an kuma ga cewa waɗanda suka fi shan irin wannan raini sun fi fama da damuwa da ƙuncin rai. A 2018 shi da abokan aikinsa suka buga wani bincike a mujallar likitoci ta Lancet. Sun gano cewa in 'yan sanda suka kashe baƙar fata marar makami a wata jiha ta Amurka, sauran baƙaƙen jihar sukan ƙara samun kwanakin rashin kwanciyar hankali a watannin da suka biyo baya, ko da ba su san mamacin ba. Ashe abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Shi ya sa kisan George Floyd a birnin Miniyafolis ran 25 ga Mayu, 2020 ya girgiza baƙar fata a ko'ina.

Ba A Jini Yake Ba

Bayan yaƙin duniya na biyu, daga 1948, baƙaƙen fata da yawa daga tsibiran Jamaika da Tirinidad da Babados suka tafi Ingila aiki. Daga baya likitocin Ingila suka lura cewa ciwon taɓin hankali mai tsanani ya fi kama su da 'ya'yansu fiye da Turawa, har ninki da dama. Waɗansu suka yi saurin cewa gado ne a jinin baƙar fata. Amma da aka je tsibiran nasu aka yi bincike a shekarun 1990, sai aka tarar can ciwon bai kai yawan da yake yi musu a Ingila ba. Jini ɗaya, wurin zama daban. Ke nan sai a nemi dalili a cikin irin zaman da suke yi.

A 2001 waɗansu likitoci suka buga sakamakon binciken unguwanni 15 na kudancin Landan. Sun ga cewa inda waɗanda ba Turawa ba suke 'yan kaɗan a unguwa, nan ciwon ya fi kama su. Inda suke da yawa kuwa, ya fi sauƙi. Wannan shi ne ƙashin bayan maganata. Raini ya fi cin mutum in ya same shi shi kaɗai. In yana da wanda zai gaya wa, wanda zai ce masa, "Ni ma an yi mini, ba laifinka ba ne," to, nauyin ya ragu.

Mutanen tsibiran nan ma sun gane haka. Da bankunan Ingila suka riƙa hana su rance, sai suka koma ga wata al'adarsu ta zubi, kowa ya kawo nasa duk mako, a tara a ba mutum ɗaya. Da ita da yawansu suka sayi gidaje. Iyayenmu mata za su yi murmushi, don kuwa adashi ne sak.

Hikimar Zango

Bahaushe ya daɗe da sanin baƙunta. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba su sauka a warwatse. Duk inda suka je sai sun kafa zango. Akwai zango a Kumasi, akwai Sabon Zango a Akra, akwai unguwar Sabo a Badun wadda aka kafa a 1916. A zango akwai Sarkin Hausawa mai sasanta rigima, da limami, da makarantar allo. Akwai kuma maigida, wanda yake saukar da baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa wajen ciniki. In baƙo ya yi ciwo a yi jinyarsa, in ya rasu a yi masa sutura. Wanda aka wulakanta a kasuwa da rana, da magariba zai komo inda ake kiransa da sunansa, a ce masa sannu da aiki.

Haka abin yake a Sudan. Tun da daɗewa mahajjata masu tafiya a ƙasa sukan yada zango a can, waɗansu su zauna ke nan. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu. Hausawa sun zuba guminsu a gonakin audugar Jazira. Duk da haka har jikokinsu ba su tsira daga gorin baƙunta ba. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, mutum fiye da 100 suka rasu. Hausawan waɗansu biranen Sudan, kamar Kasala, suka fito zanga-zanga saboda 'yan'uwansu. A nan dukkansu baƙaƙe ne, wanda yake nuna cewa raini ba kullum yake bin launi ba, wani lokaci asali yake bi.

Na tambayi Kawu ko akwai irin wannan zango inda ya zauna. Ya ce su bakwai ne a ɗaki ɗaya, kowa yana ɓuya, ba mai iya tsaya wa wani. Sai dai ran Juma'a sukan haɗa kuɗi su tuƙa tuwo su yi hirar gida. Ya ce ba don tuwon Juma'ar nan ba, da bai san yadda zai ƙare ba.

Likitan Da Ya Mai Da Ƙauye Asibiti

Wani ɗan Nijeriya ya nuna wa duniya amfanin jama'a wajen warkar da ciwon ƙwaƙwalwa. Shi ne Dakta Thomas Adeoye Lambo, mutumin Abekuta, wanda ya yi karatu a Ingila. A 1954 ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba su masauki. Kowane majinyaci yakan zo da ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana a je asibiti a karɓi magani, da yamma a komo cikin mutane, a ci abinci tare, a je kasuwa. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Darasin da ke ciki shi ne magani da zumunci tare suke aiki, kamar taɓarya da turmi.

Saboda haka kada a ce zumunci kaɗai ya isa. In mutum ya yi makonni ba ya barci, ko ya daina cin abinci, ko yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, ko yana cewa gara ya mutu, to, a gaggauta kai shi asibiti. Mu kam Allah ya hutar da mu tafiya mai nisa, gama akwai asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin jiha a nan Kazaure, akwai kuma na Dawanau a Kano. Zuwa can ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa ɗori ba abin kunya ba ne. A yi addu'a, a kuma sha magani. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na a mutunta shi. Ɗaure mutum da mari da dukansa ba magani ba ne, ƙarin ciwo ne.

Har wa yau, garkuwa tana tare kibiya ne kawai, ba ta hana maharbi harbi. Wajibi ne hukumomi su tsaya wa 'yan ƙasarsu da ke waje, su kuma samar da aikin yi a gida, don kada talauci ya riƙa tura samarinmu inda za a wulakanta su.

Mu Duba Namu Tudun

Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita, Hausawa da Yarabawa da yawa suka komo ba shiri. Muka yi kuka. Amma a 1983 mu ma muka kori 'yan Gana da sauran baƙi haka nan.

A cikin gida fa? Wa bai taɓa jin ana yi wa yarinya gori don ta cika baƙi ba, har ta kai ga shafa man bilicin mai ƙona fata? Wa bai ji ana tono asalin mutum in an zo maganar aure ba, a ce kakansa bawa ne, ko gidansu mahauta ne? A makarantun kwana ma mukan laƙa wa ɗan'uwanmu suna saboda launinsa, ko ƙauyensu, ko yadda harshensa yake karya Hausa. Mu muna dariya, shi kuwa ƙullutun nan na saman ƙodarsa suna aiki kamar na Kawu. Alhali addininmu ya hana. Bilal, baƙar fata ɗan asalin Habasha, shi ne ladanin farko a Musulunci, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana fifita mutum saboda launi ko ƙabila.

Shawarata

Ga 'yan'uwana ɗalibai, mu kira kowa da sunan da ubansa ya raɗa masa. In muka ga ɗan aji ɗaya ya ware kansa, ba ya zuwa ɗakin cin abinci, ba ya fita wasa, mu matsa kusa da shi, in abin ya fi ƙarfinmu mu gaya wa malamin gida.

Ga iyayenmu kuma, ina roƙo cikin ladabi. In ɗanku ya komo daga tafiya, kada tambayar farko ta zama me ya kawo. A bar shi ya huta, a saurare shi in ya so magana, kada a yi masa gorin ya komo hannu wofi. Kada a yanke masa hukuncin ƙwaya ko iska tun ba a ji ta bakinsa ba. In kuma yana can bai komo ba, a riƙa kiransa a waya ko ba zancen aike. Zumunci a ƙafa yake, amma a zamanin nan har a waya ana yinsa.

Game da Kawu, mahaifiyata da yayyenta sun taru sun kai shi ganin likita, aka ba shi magani, aka kuma gano yana da hawan jini. Abokansa na ƙuruciya suka riƙa zuwa zaure bayan isha, ko ya tanka ko bai tanka ba. Da damina ta faɗi suka yi masa gayya a gonarsa. Ba zan ce ya warke sarai ba, don har yanzu wani dare yakan farka a firgice. Amma hutun da ya wuce na same shi a dandali yana ba yara labarin raƙuman Agadas, takalmansa kuwa suna ajiye can gefen tabarma.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya komo da matafiyanmu gida da mutuncinsu, ya kuma ƙara mana son juna. Amin.